Kunnen Maigida da Ruwan Bakolori

Shekarar da aka sako ruwan dam ɗin Bakolori cikin magudanan siminti, maigidana ya daina wanka da ruwan rijiya. Mahauci ne a Talata Mafara, kuma tun da ya sami kwangilar kai nama sansanin leburorin dam ya fara ganin kansa cikin ma'aikata. In ya tashi daga rumfa sai ya bi ta magudanar, ya tuɓe riga, ya nutsa har kai. Ya ce ruwan da Turawa suka auna ba ya cutar da mutum.

Ba a jima ba kunnensa na dama ya fara ƙaiƙayi. Ya sosa da gashin kaza, ya koma tsinken ashana, har wurin ya kumbura yana fitar da ruwa mai wari. Tauna ma ta gagara. Mutumin da ya tashi cikin nama ya koma shan kunu yana harararmu muna cin tsire.

Nan masu magani suka cika mana gida. Mahaifiyarsa ta narka man shanu ta ɗura masa a kunnen. Abokinsa na Damri ya cusa ɗan tafarnuwa. Wani direban tifa ya kawo man birki a murfin kwalba, yana rantsuwa da shi ake warkar da kowa a sansani. Gwaggonsa kuwa, da ta zo takanas daga Janbako, ta duba ta girgiza kai.

"Wanga ba ciwo ba ne," in ji ta. "Aljannun da ruwa ya tasa daga gonakin Maradun ne. Mutane ma ba su ga diyya ba, balle su. Ina za su zauna?"

Ta turara shi da hayaƙi har zomayen maƙwabta suka yi tari. Aljannun ba su ko motsa ba.

Da zafin ya kai shi ga kuka a gaban yara, ya yarda muka tafi asibiti. Likitan ya ɗan ja leɓen kunnen, maigida ya yi ƙara ya kusa faɗowa daga benci. Sannan likitan ya leƙa da wata 'yar fitila, ya sa ƙaramin hantsaki ya zaro tafarnuwar, ya share sauran tarkacen da auduga.

"Malam, miya aka nufa a dafa a nan?"

Ya yi mana bayani a natse. Ruwa ne ya zauna a hanyar kunnen, susa ta yi rauni, ƙwayar cuta ta samu wuri. Dodon kunnen lafiya lau yake. Ya ba da maganin ɗigawa da na rage zafi, ya ce kada ruwa ya shiga, kada a sake cusa komai.

Maigida ya ci gaba da zama. "Ranka shi daɗe, allurar hwa?"

"Ba ka buƙatarta."

A hanya ya yi ta faɗa. Wane irin likita ne zai sallami babban mutum da 'yar kwalbar da ba ta kai yatsa ba? Ranar kasuwar Bakura ya sulale ya sami wani mai allura a bayan rumfunan hatsi, aka tsira masa a ɗuwawu, ya dawo yana ɗingishi cikin jin daɗi.

Ni dai na riƙe 'yar kwalbar likita. Safe da yamma nakan sa shi ya kwanta a gefe, in ɗiga maganin, in tsare shi har ya shige. Kumburin ya saɓe, warin ya ɗauke, ya koma cin nama. Duk wanda ya zo barka sai maigida ya ce masa, "Allura ce, wallahi. Kada ka yarda da ɗige-ɗige."

A kwance yake faɗin haka, rub da ciki, domin wurin allurar ya zama maruru kamar lemun tsami. Da marurun ya nuna, muka koma wajen likitan nan. Aka nuna masa benci, ya ce a tsaye ya fi jin daɗi. Likitan ya tambayi lafiyar kunne, ya ce ya warke sarai.

"To yau kuma me ke tafe da ku?"

Maigida ya dubi rufin ɗakin, ya dube ni. "Ke, gaya mishi."