Karatun da Na Yi a Bayan Kasuwa

Na haura shekara sittin lokacin da na fara koyon piyano, kuma da ƙarya na fara.

Wani ɗan garinmu ne ya dawo da abin daga Maraɗi, dogo kamar ƙyauren taga, haƙora farare da baƙaƙe. Ya kafa shi a ɗakinsa bayan kasuwar Sabon Birni, yana jona shi da batirin babur, yana koya wa duk mai so, ɗaya bayan ɗaya. Akwai yarinya 'yar shekara tara, akwai wata ma'aikaciyar asibiti, sai ni, gemu fari fat.

Mu manoma ne tun kakanni, kuma a Gobir kiɗa gado ne, ba a tsintar sa a hanya. Don haka da uwar 'ya'yana ta tambayi inda nake zuwa bayan la'asar, sai na ce, "Boko za ni koyo."

Ni da aji biyu na yi, kamun fara ya ɗauke mini hankali. Ta yi murna, ta shaida wa maƙwabta, ta ƙara mini man shanu a tuwo. Na ci, Allah ya yafe mini.

Abin da nake nema ɗaya ne: waƙar da take yi wajen daka tana amarya. Tunda injin niƙa ya shigo unguwa ban ƙara jin ta ba.

Sai dai yatsuna sun shekara hamsin a ƙotar kalme wajen noma, sun yi faɗi. In na danna ɗaya, biyu ke kuka.

"Baba, ba huɗa muke ba," in ji malamin. "A hankali."

"Ɗana, wanda ya ƙera abin nan bai taɓa ganin manomi ba."

Wata huɗu ana haka. Rannan uwar 'ya'yana ta dawo daga asibitin garin Isa da magani da takarda, ta miƙo mini gaban tabarma.

"Malam, karanta mini. Sau nawa aka ce in sha?"

Na juya takardar, na sake juyawa. Da wasiƙa ce da na ƙaga mata gaisuwa har ta gaji. Amma magani ne. Na faɗi gaskiya duka.

Ba ta yi faɗa ba. Man shanu ne dai ya ɓace. Kwana na uku ta yafa mayafi ta ce, "Tashi ka kai ni in ga abin da ya fi karatu."

Muka tarar da ma'aikaciyar asibitin tana gama darasinta. Ita ta karanta takardar: safe da yamma, bayan abinci. Sannan na zauna, gumi har gemu, na kaɗa waƙar.

Uwar 'ya'yana ta saurara, baki a tsuke.

"Ka cika sauri," ta ce. "Ka taɓa ɗaga taɓarya? Nauyi gare ta."

Ta shiga buga benci da tafin hannu, dum, dum, yadda turmi ke amsawa. Na bi ta. A zagaye na biyu sai ga muryar ta fito, ta ɗan dishe, amma ita ce.

Malamin ya ce, "Inna, ke ya kamata ki riƙe ɗalibin nan."

"Wannan? Shekara arba'in ina fama."

Da muka koma gida man shanu ya dawo, rabin cokali. Ta ce sauran sai na iya karanta takardar magani.