Ramukan da Yaya Ya Huda

Na'urar da na ƙudurta haɗawa a ɗakina na Wudil irin wadda ke narka zaren roba ce, tana jera shi layi bisa layi har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Ginshiƙai uku gare ta a tsaye. Daga kowane ginshiƙi hannaye biyu na ƙarfe ke sauka, su shidan su haɗu a wani ɗan faranti mai ɗauke da bakin da robar ke fitowa. Kowane hannu yana da gaɓa a sama da ƙasa, goma sha biyu ke nan. Idan gaɓa ɗaya ta yi sako-sako, ko da kaurin gashi ne, bakin zai sauka inda ba a aike shi ba.

Boris ɗin da ke hawa da sauka a jikin ginshiƙan, wato 'yan tayoyin ƙarfe masu juyawa, na samo su a wurin masu kayan babur, na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Gaɓoɓin kuwa sai an ƙera. Na zana su: ɗan guntun alminiyam mai rami, da sandar ƙarfe da za ta ratsa ramin ta zauna ɗam. Na rubuta awon kowane rami, na kai wa yayana tare da hannayen.

Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Gyaran injin ban-ruwa yake yi a bakin titi, kuma manoman rani daga Indabo har Achika sun san rumfarsa. Ya duba takardar ya ce, "Injiniya, wannan tsuntsun naka tashi zai yi ko ƙwai zai saka?" Bayan kwana huɗu ya aiko da kayan. Hannayen shida ya ɗaure su wuri guda ya huda su tare don tsawonsu ya zo ɗaya, dabarar da ni ban yi tunaninta ba.

Na haɗa na'urar, na umarce ta ta yi zobe. Abin da ya fito ya fi kama da ƙwai. Na sake, ya sake fitowa haka. Mako uku na yi ina neman laifin. Na ƙara ɗaure bel ɗin da ke jan hannayen, na sake auna ginshiƙai, na bi lissafin kwamfuta layi-layi. Ranar da na gaji na kama farantin da yatsu biyu na girgiza shi, sai na ji ɗan ƙas-ƙas. Na kwance gaɓoɓin na auna. Duka ramukan goma sha biyu sun fi abin da na rubuta faɗi, kuma ƙarin iri ɗaya ne a kowanne. Kuskure ba ya zuwa a tsare haka.

Da hantsi na je rumfar. Manoma uku na zaune a benci suna jiran injinansu. Bayan mun gama gaisawa, tun ban kawo maganar ba, Yaya ya ce, "Yaya tsuntsun? Ka ga gyaran da na yi maka? Takardarka ta manta da wurin giris. Ƙarfe idan bai sami wurin numfashi ba, cijewa yake." Ya juya ga manoman. "'Yan boko ke nan. Su zana abu tsam, rana ta buga shi ya kumbura, sai a kawo mana." Suka yi dariya, ɗayansu ya ce ai shi ya sa ba ya kai injinsa ko'ina sai nan.

A sana'arsa gaskiya ya faɗa. Injin da ke yini a fadama cikin laka da zafi yana bukatar wannan sararin. Na'urata kuwa sararin ne ke kashe ta. Bayanin bai fi jimla biyu ba. Amma ban taɓa gyara wa Yaya magana ba, balle a gaban masu kawo masa aiki. Na ce, "Na gani, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Na yi niyyar samunsa shi kaɗai a gida. Sau biyu na je, sau biyu muka yi hirar damina da karatun 'ya'yansa, na tashi. A ƙarshe na ɗauki takardar na hau mota zuwa Kano, wani mai injin huda da bai san ni ba ya yi mini sababbi daidai da awo. Na gaya wa kaina cewa na kare masa girmansa ne.

Zoben ya fito zobe. Har na sa na'urar ta yi wa matata murfin wani mazubi da nasa ya fashe.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya biyo ya ga abin da ake ta ba shi labari. Ya tsaya yana kallon hannayen suna kai da komo. Da na'urar ta tsaya, ya sa yatsa ya taɓa gaɓa ɗaya, ya matsa ta, ya sunkuya ya duba bakin ramin.

"Wannan ba hudata ba ce."

"A Kano aka yi, Yaya."

"Nawa fa?"

Sai a lokacin na yi masa bayanin, a tsaye, cikin jimla biyun nan. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai.

"To ai da ka faɗa mini. Aikin rabin yini ne." Ya goge yatsansa a gefen riga. "Ko ka ɗauka ba zan gane ba ne?"

Na ce ba haka ba ne. Ya ce ba komai, ya yi wa na'urar addu'ar albarka, ya leƙa ya gaisa da matata, ya tafi.

Muna gaisawa har yau, gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da aiki da gajiya. Watan jiya wani boris ya fara ƙara a ginshiƙi na biyu, na cire shi na kai masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya miƙo mini, ya ce irin wannan aikin gara a kai Kano.