Ƙafar Yari

A zamanin Turawa, duk wanda ƙafarsa ta kumbura a Taloka, Mode Wanzami ake kira. Yakan ce kumburi iri biyu ne. Akwai na cikin gaɓa, mai cafke babban yatsa farat ɗaya, ko gefen zane ba ya so ya shafe shi, ya yi kwanakinsa ya tafi. Akwai na fata, mai shiga ta ɗan rauni, ya riƙa hawa sama, zazzaɓi da kaluluwa na biye da shi. Na farko, a bar nama a huta. Na biyu, a ɗora mutum kan jaki sai ɗakin magani na hukumar En'e a Wurno, inda ake allura.

Taubashinsa Yari, manomin albasa, na gaɓa ne ke kama shi kowace Layya, don hanta da ƙoda ba sa wuce gabansa. Sun saba: Mode ya zo ya yi masa tsiya, bayan kwanaki ƙafa ta saɓe.

Wata Layya aka sake kiransa. Ya tsaya a bakin zaure yana dariya.

“Ɓarawon hanta! Ragon wa ka cinye bana?”

“Naka, bawana,” in ji Yari daga kan tabarma. “Matso ka duba, wagga daban take.”

“Mi zan duba? Na san ƙahwag ga tun ba ka yi aure ba.”

Kulu, matar Yari, ta yi magana daga bayan zana: “Malam Mode, tun jiya shina rawar ɗari.”

“Kitse na ka tahwasa cikinai, Kulu. Hana mai nama.”

Bai tsuguna ba. Da ya tsuguna, da ya ga inda ruwan fadama ya cinye tsakanin yatsu, da ya ga kumburin ya haye idon sawu yana sheƙi.

Ranar da aka kai Yari Wurno, ƙwaurin ya riga ya yi baƙi. An yi allura, amma rai ya yi halinsa, ba a cire albasar shekarar da shi ba.

Mode ya tsufa yana aski da ƙaho. Sai dai in an kira shi duba ƙafa, ba ya ko tsayawa gaisuwa. Yakan tsuguna shiru, ya buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa goshi, ya lalubi matsematsi. Waɗanda ba su san Yari ba cewa suke tsohon ba shi da fara'a.