Hijabin Hauwa da Babur ɗin Baffa Sale

Ranar wata Laraba, a shekarar da citta ta yi daraja, Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya shigo gidanmu na Kafanchan da sabon babur, ko ledar jikinsa bai ɓare ba. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke allona, ƙanwata Hauwa tana juya cittar da aka shanya a tsakar gida. Ya bi ta kan shanyar ya wuce, bai ko waiwaya ba.

Ni ya zaɓa ya koya wa tuƙi, ba don ƙauna ba, sai don ya samu mai kai masa buhuna Madakiya. A filin makarantar firamare muke yi. In na saki kuloci da gaggawa, rankwashi. In na damƙe birkin gaba shi kaɗai, rankwashi. "Ƙafa da hannu tare, sakarai!" Wannan dai gaskiyarsa ce, har yau da ita nake tuƙi. Sauran kuwa girman kai ne. Hular kwano, wai kwanon tuwo ce. Da silifas yake hawa, kuma in ya zo gangara sai ya kashe inji don kada mai ya ƙone.

Wata safiya ya ce zai sauke Hauwa a islamiyya. Ta hau ta zauna a karkace kamar yadda mata suke yi, dogon hijabinta yana lilo a gefen taya. Maƙwabciyarmu Mama Talatu, wadda ke sayar da ƙosai a bakin coci, ta ɗaga murya: "Malam, rigan yarinyan nan zai shiga taya fa! Bari ya naɗe shi!"

Baffa ya ce, "Ki ji da kaskonki."

Ba su kai gindin mangwaron da ke kan kwana ba tayar baya ta cafke hijabin. Ina tsaye na ga an fizge Hauwa ta wuya, ta bugu da ƙasa. Mama Talatu ce ta yanke ƙyallen da wuƙar albasarta, ta goya ta zuwa asibiti. Shi kuwa tsugunawa ya yi yana duba fentin tanki. Da yamma ya ce wa mahaifiyarmu ƙaddara ce. Na yi karatun allo, na rubuta kalmar nan da tawada sau ba adadi, kuma malaminmu bai taɓa koya mana cewa mayafin rufe ganganci ce ba. Mahaifiyarmu ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba har ya bar duniya.

Yanzu babura sun cika gari, filin makarantar ma an gine shi. Ba na tayar da inji sai na ɗaura hula, na ga macen da na ɗauka ta tattare mayafinta a cinya, ko da za ta harare ni. Baffa, Allah ya yi masa rahama, haka addini ya umarce ni in ce. Amma Hauwa mai saurin waiwaye ta yarintarmu ba ta dawo ba. Har yau in na kira ta, da jikinta duka take juyowa.