Kyanwoyin Bayan Rumfar Kekuna

Ranar Juma'a, takwas ga Agustan 2008, ranar da za a buɗe wasannin Olamfik, na sauko da safe daga hawa na uku riƙe da ledar shara, a ƙarƙashinta kuma na ɓoye wata 'yar leda mai kawunan kifi. Ko'ina a rukunin gidajenmu na Panyu, a birnin Guangzhou, jajayen tutoci ne. A jikin ƙofar bene na tarar da sabuwar takarda mai jan hatimi. Shekarata tara, kuma ni kaɗai ce a gidanmu na iya rubutun mutanen ƙasar, don makarantar unguwa nake zuwa. Takardar ta ce an hana ba da abinci ga duk dabbar da ba ta da mai ita a cikin harabar, kyanwa ce ko tsuntsu, kuma wanda aka kama za a miƙa sunansa ga hukuma. Na karanta sau biyu, na wuce da ledata.

A bayan rumfar kekuna akwai wata kafa a gindin katanga, ta nan kyanwoyi ke shigowa daga wani tsohon lambu. Ba na gida ba ne, ba sa yarda a taɓa su. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zaune ita kaɗai a hawan ƙasa, wadda yara ke kira Popo, wato kaka, ita ke kai musu shinkafa da romo a kwanon roba kowace safiya. In na gama wanke-wanke da shanyar kaya a baranda, sai in ɗan yi tsallen igiya da 'yan matan gidan har su gaji da taɓa min kitso, sannan in sulale wurinta. Yarenta na gari ne, nawa na makaranta, don haka rabin hirarmu da hannu muke yi. Ita ta nuna min inda wata kyanwa mai yagaggen kunne ta haifi 'ya'ya huɗu a ƙarƙashin tsohon tankin ruwa, ta ɗora yatsa a leɓenta, ni ma na ɗora.

Shekarar ta yi wa baƙi tsauri. Duk Juma'ar da Baba ya dawo daga masallacin Huaisheng sai ya zo da labarin wani ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da aka ƙi sabunta wa biza, ya bar kayansa a kasuwar Sanyuanli ya tafi. Yakan ce, "Mu baƙi ne, kada sunanmu ya shiga takardar kowa." Umma ta ce in daina zuwa bayan rumfar. Na ce to, amma ban daina ba.

Bayan mako guda, da la'asar, manajan gidajen ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, mai gadi na bayansa. Baba ya kira ni in yi tafinta, yana ta ce wa mutumin "loban, loban", wato maigida, da wata murya da ban san shi da ita ba. Manajan ya ce an ga yarinyar gidan nan da ledar abinci, yana so ya san ko ni kaɗai ce. Na juya wa Baba maganar. Ya dube ni ya ce, "Hauwa, faɗa masa gaskiya. Ki dubi ƙannenki."

Na faɗa. Na ce ba ni na fara ba, tsohuwar hawan ƙasa ce. Iyakar abin da aka tambaye ni ke nan, kuma da na tsaya a nan da ya isa. Amma na ga mutumin ya gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki, sai na ji ina so ta ƙara saki. Na gaya masa kafar katanga, na gaya masa tankin ruwa. Bai rubuta sunanmu ba. Da Baba ya tambaye ni abin da na daɗe ina faɗa, na ce haƙuri nake ba shi.

Washegari ina shanya na hango wasu mutum biyu da keji da raga mai dogon mariƙi. Sauran kyanwoyin suka fice ta kafar. Mai yagaggen kunnen ma ta fita, sai ta ji kukan 'ya'yanta ta dawo, nan aka kifa mata ragar. Popo na tsaye da kwanonta, manajan na yi mata faɗa a gaban mutane. Kafin azahar an toshe kafar da siminti.

Abin da ya fi tsaya min shi ne abin da ya biyo baya. Kowace safiya Popo takan je bayan rumfar hannu rabbana, ta tsaya tana kiran kyanwoyin da harshe, tsut-tsut-tsut, ta jima, ta koma. Kiran yakan hawo har barandarmu, in bar jiƙaƙƙen kaya a bokiti in shige ɗaki. Na koma fita ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Wata rana dai muka yi kiciɓis a gindin bene. Ta kamo hannuna ta cika shi da longan, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, ta shafa kaina ta ce, "Hauwa." Ta wuce a hankali tana dafa bango. Har yau ban sani ba ko an gaya mata wanda ya yi maganar.

Da shekara ta zagayo muka dawo Kano. Yanzu ina da gidana, kyanwoyin unguwa na bin kan katanga su sauko tsakar gida, a zuba musu sauran tuwo ko a kore su, babu wanda ya taɓa rubuta doka a kansu. Baba ya rasu yana ganin ni na ceci iyalinsa a ranar nan, wataƙila ma haka ne. Wani lokaci nakan so in tambayi masu zuwa Guangzhou ko tsohuwar na da rai, sai in rasa wa zan ce su nema. Ita ta koyi sunana, ni ban taɓa tambayar nata ba.