Kyamarar da Ta Kwana a Buhun Tattasai

Duk wanda ya san kasuwar Difa ya san rumfar Ba Fannami, can bayan masu ɗinki. Yau agogo yake gyarawa da fitila da rediyo, amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyaran rediyo, sai ya ɓata rai har la'asar. Shi mai hoto ne. Tun yana saurayi yake bin bakin kogin Komadugu a kan keke, daga Shetimari har Geskeru, babu suna ko biki da za a yi bai tsaya da kyamara a wuya ba. Da wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar, sai ya koma gyara, yana gunaguni.

Gunagunin nan kuwa bai taɓa hana hannunsa aiki ba. Kuma yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kai: kafin ya taɓa abu da ƙarfe, sai ya kai shi kunne, sannan ya kai shi hanci.

Wata safiya wata mata ta tsaya a bakin rumfar, Kaltum, mutuniyar Barwa, tare da 'yarta Juwairiyya. Ta kwance wani tsumma, sai ga tsohuwar kyamara mai cin fim.

"Ba Fannami, ta marigayi mijina ce, Bubakar. Akwai fim a ciki. Ranar salla ya ba ni na ɗauke shi shi da 'yan'uwansa, daga nan abin juyawar ya cije. Ba a jima ba muka gudu daga gari, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa a hanya. Yarinyar nan tana goye lokacin. Ba ta san fuskarsa ba, kuma ba ni da wani hoto nasa ko ɗaya."

"Wani ya buɗe bayanta?"

"Babu wanda ya buɗe. Ya sha gaya mini haske na ƙone fim."

"Allah ya jiƙansa, ya san aikinsa."

Ya kai ta kunne ya taɓa maɓallin, shiru. Ya kai ta hanci. Ai kuwa sai atishawa, ɗaya bayan ɗaya, har hularsa ta faɗi, masu ɗinki suna ta ƙyaƙyata dariya.

"'Yata, ina kika ajiye wannan abu?"

"A buhun tattasai, Baba. Saboda gara da ƙwari."

Wayyo mutanen kwarin nan! Komai mai daraja sai a tura shi cikin tattasai. Ga shi kuma wani mai tausayi ya ɗiga mata man gyaɗa don ta saki. Man da garin tattasai suka haɗu suka daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya.

Ba Fannami ya san inda haɗarin yake. In aka juya da ƙarfi fim ya tsinke, in aka buɗe baya haske ya cinye Bubakar. Sai ya bi ta ƙasa. Ya kwance farantin gindi, ya tsoma gashin kaza a fetur, ya riƙa bin haƙoran ƙarfen yana wanke su a hankali, jan ruwa na ɗiga. Idonsa ya yi jajir, hawaye na zuba, bai ko share ba don yatsunsa duk yaji ne. Har aka kira azahar bai ɗaga kai ba. Can sai ɗan ƙarfen da ke sakin fim ya ce ƙas.

Ya juya hannun naɗewa, sai ya ji babu nauyi. Fim ɗin ya riga ya rabu da gwangwaninsa, sai an buɗe baya an ciro shi da hannu.

Ya sa aka aro masa baƙin bargo, ya ninka shi, ya cusa kyamarar da hannuwansa biyu a ciki, ga ranar Difa na dukan kwanon rumfar. Ya rufe ido. Kaltum ta tsuguna tana salati ƙasa-ƙasa. Yatsun nan da suka yi shekaru suna wannan aiki a duhu suka lalubo bakin fim, suka bi gefensa ba su taɓa tsakiya ba, suka naɗe shi cikin wani baƙin kwali da ya tanada, suka rufe. Ya zaro hannu jiƙe da gumi, ya ɗaga kwalin sama don masu dariyar ɗazu su gani.

"To, ku ci gaba da dariya," in ji shi. Wallahi ranar ko gwamna bai kai shi taƙama ba.

Babu mai wankin fim a Difa yanzu, don haka ya ba Alasan direba, mai kai tattasai Kano, fim ɗin ya kai a wanke, ya ja masa kunne sosai. Bayan makonni hotuna suka dawo. Yawancinsu sun dushe, amma ɗaya ya fito: maza huɗu cikin rigunan salla, a gaban wata katanga.

Kaltum ta karɓa ta duba. Juwairiyya ta leƙo ta kafaɗarta. Ba Fannami ya buɗe baki zai ce a nuna mata, sai ya ga yarinyar ta riga ta ɗora yatsa a kan na biyu daga hagu, mai murmushi.

"Ga shi nan," ta ce. "Inna, wushiryata gare shi."