Kwikwiyon Mai Turare

Kawuna mai turare ne, kuma bai taɓa yarda akwai abin da ƙamshi ba ya gyarawa ba. Da faranti ya fara, yana yawo da ƙananan kwalabe ofis-ofis, har ya kai ga shago mai madubi a kowane bango, don ya riƙa ganin kansa ta ko'ina. Aikinsa haɗi ne: ya zuƙo wannan mai da sirinji, ya ɗiga a wancan, ya kai hanci, ya lumshe ido. In haɗi ya ɓaci ba ya zubarwa, sai ya ƙara wani a kai. Haka yake yi da komai. Da bangon ɗakinsa ya yi funfuna saboda yoyo, bai kira mai gyara ba, turare ya fesa.

Na gama jami'a ina jiran aiki, sai na zauna a gidansa ina taya shi tsaron shago. A lokacin ne aka ba shi wani ɗan kwikwiyo fari, wanda bai fi takalminsa girma ba. Ya sa masa suna Almiski. Ba son dabba ne ya kama shi ba, ya dai ga manyan masu saye a wurinsa suna da irinsa. Kullum da safe sai ya fesa wa kansa turare, ya fesa wa mota, ya fesa wa Almiski, sannan a kwantar da shi kan matashi a bakin ƙofar shago.

Ba a jima ba Almiski ya fara susa. Inna, matar Kawu, ita ta fara magana.

"Malam, karen nan zai cire fatarsa fa."

"Ƙuma ce. Ƙuma kuwa ba ta son ƙamshi," in ji Kawu, ya ƙara fesawa.

Cikin Almiski ya yi jawur, gashin wuyansa ya zube, bayan kunnuwansa duk ƙuraje. Ranar da wata mai saye ta gan shi ta tattare zaninta ta juya, Kawu ya yanke hukunci.

"In bai warke ba zuwa ƙarshen wata, bola zan kai shi. Ba na ajiye abin da ke korar ciniki."

Da ƙyar Inna ta sa shi muka je wurin likitar dabbobi. Likitar tana ɗaga Almiski ta yi atishawa.

"Baba, wa ke fesa masa turare?"

"Ba turaren kasuwa ba ne, Likita. Haɗi ne na musamman, manya ke sayensa."

"To, fatarsa ba ta san manya ba. Jikinsa ba ya karɓar turare ko kaɗan."

Ta ba mu maganin sha da sirinjinsa, da man shafawa, da sabulu marar ƙamshi, ta ce ko ɗigon turare kada ya sake taɓa shi. Kawu ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya san wannan tun tuni.

A gida na ce zan riƙa ba da maganin. Ya yi dariya.

"Malama, ina auna mai tun ba a haife ki ba. Ke za ki koya min sirinji?"

Fesawar kam ya daina, sai dai duk lokacin da ya nufo da magani sai Almiski ya datse baki, ya tofar, ya yi ta kumfa. Duk inda aka shafa man kuma sai ya ƙara kumbura. Wata rana da hantsi na buɗe gwangwanin man, ƙamshin wardi ya bugi hancina. Kusa da shi ga sirinjin shago, har da sauran man turare a jikinsa. Na likita kuwa yana cikin kwandon shara.

"Kawu, man nan..."

"Gyara shi na yi. Wari yake kamar ƙonanniyar taya. Kuma daga mai tsadar na ɗiga masa."

"Malam," in ji Inna, "kai ko gobara ta tashi, da kwalba za ka fito kashe ta."

Ƙarshen wata ya zo, Kawu ya ɗauko kwali ya jefa Almiski ciki. Ban saba yi masa musu ba, don haka ƙasa na kalla.

"Kawu, a bar min shi."

"Ɗauki. Kare ne marar aji."

Gidan mahaifiyata na kai shi, na karɓo sabon mai da sirinji a wurin likitar. Nakan wanke hannuna tas, in naɗe shi a tawul, in zura sirinji ta gefen bakinsa, in shafa maƙogwaronsa har ya haɗiye. Umma ta yanke wata tsohuwar safa ta yi masa riga don kada faratansa su kai ga ƙurajen. A hankali jan ya lafa, gashi ya tsiro.

Ranar da Kawu ya zo gaida Umma, yayarsa, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya ga Almiski fari fes a tsakar gida, ya tsaya.

"Kin gani ko, Yaya? Haɗina ne. Sannu a hankali yake ratsa jiki. A ɗauko min shi mu koma shago."

"Wanda ka sa a kwali?" in ji Umma. "Kira shi. In ya zo, naka ne."

Kawu ya tattare babbar riga ya durƙusa, ya miƙa hannu yana kiran sunan. Almiski ya yi atishawa, ya shige ƙarƙashin gado, sai wutsiya kawai ake gani. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Kare dai kare ne. Ina ya san abu mai kyau?"

Da zai tafi ya bar wa Umma kwalba guda. Tana nan a kan tagar bayan gida.